Hattara da masu sayar da kayan keken hawan dutse da alƙawarin garanti

Jama'a, musamman 'yan uwana masu hawan keke a duwatsun Jos da Abuja, ku ba ni aron hankalinku. Yau sati uku ke nan hannuna na dama yana ɗaure, sanadin wani kan keke na jabu da na saya da kuɗina, aka kuma bi ni aka sake cuta ta da sunan garanti.

A Instagram na ga shafin mutumin. Hotuna tsaf-tsaf: kaca, feda, birki, hular kwano, kawunan keke na kabon, wato wani zare mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera kayan keke da shi. Ya ce kayansa daga Jamus suke zuwa kai tsaye, kowanne da garantin shekara 2, kuɗin kuma bai kai rabin wanda na sani ba. Da muka koma WhatsApp sai ladabi, kowace magana "ranka ya daɗe". Na tura kuɗi, ya sa kayan a mota, na je tasha na karɓa. A leda ya zo, ba kwali, ba rasit. Da na tambaya ya ce, "Kada ka damu Yallaɓai, lambarka tana kwamfutarmu."

Mai gyaran kekena ya ɗaura shi da sifana mai awo, bai wuce ƙarfin da aka rubuta a jiki ba. Hawa na huɗu, ranar wata Asabar, muna gangarowa ta wajen duwatsun Shere, tayar gaba ta daki wani dutse da bai fi tulu ba. Sai na ji ƙas! Ɓangaren dama ya rabu daidai inda aka ɗaure shi da wuyan keke, ya bar ni da guntu a hannu. Allah ya taƙaita, a kan kafaɗa da hannu na faɗi, abokan tafiya suka sauko da ni.

Da na samu sauƙi na ɗauki guntun na duba bakin karayar. Gefe ɗaya da ɗan kauri, ɗaya gefen kamar ɓawon albasa. A ciki wasu fararen zaruruwa ne, an lulluɓe su da baƙin kabon siriri daga waje, aka buga tambarin kamfani a kai. Kallon kitse na yi wa rogo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Na kira shi, ya yi ta jaje har da addu'a. Ya ce in turo hotuna, ya aiko da wani fom mai tambarin kamfanin, na cike. Bayan kwana 2 ya ce an amince za a ba ni sabo kyauta, kuɗin jirgi kawai zan biya. Na biya. Bayan sati ya ce kayan sun iso Legas, kwastan sun riƙe, in ƙara wani abu. A nan na ce ya nuna mini takardar kwastan ɗin. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya toshe lambata. Da na rubuta wa ainihin kamfanin, abu na farko da suka nema shi ne rasit daga dilan da suka amince da shi, bayan sun ga hotunan kuma suka ce wannan ba aikinsu ba ne. Daga baya wani abokin hawanmu ya nuna mini wani shafi mai suna daban, hotunan iri ɗaya, lambar asusun banki ita ce dai wadda na tura wa kuɗi.

Ku fahimci yadda garantin gaske yake. Kamfani ne ke bayar da shi, kuma yawanci ga wanda ya fara sayen kayan sabo daga dilansu, da rasit mai kwanan wata. Shimano, kamfanin da ke ƙera kayan keke, na ba da shekara 2 a kan galibin kayansa, shekara 3 a kan manyan samfuransa, XTR da Dura-Ace. Trek, kamfanin da ke ƙera kekuna, na ba mai keke na farko garantin firam, wato gangar jikin keken, na tsawon rayuwa. Duk wannan kan kuskuren ƙira ne; faɗuwa, ko cinyewar kaca da takalmin birki saboda aiki, ba sa ciki. Don haka wanda ya sayar maka da keken gwanjo ya ce cikakken garantin kamfani yana kai, ka san akwai lauje cikin naɗi. Ni ban ƙi gwanjo ba, yawancinmu da shi muka fara, amma a saye shi a matsayin gwanjo. A kifa keken a duba lambar firam da ke ƙasa, inda sandar feda ta ratsa. In an kankare ta ko an shafe da fenti, a bar shi, wataƙila na sata ne.

Kacar jabu mai sunan Shimano ta cika intanet, tana saurin miƙewa ta cinye haƙoran giya, wannan asarar kuɗi ce. Hular kwano kuwa maganar rai ce. Ta gaske tana da takardar gwaji a manne a ciki, EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka, sai dai ita ma takardar ana buga ta jabu, don haka inda ka saya ya fi abin da aka liƙa muhimmanci. Kuma soson da ke cikinta bugu ɗaya mai ƙarfi yake ɗauka, hular da ta taɓa shan ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba. Kada ku sayi ta gwanjo, don Allah.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada ya goge hira ko ɗaya. Ya adana shaidar tura kuɗi da hoton shafin, ya je bankinsa da wuri ya kai rahoton asusun, sannan ya shigar da ƙorafi a FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ko a EFCC. Ni na kai nawa, kuma mu biyu ne yanzu a kan lambar asusun nan. In akwai wanda aka yi wa irin wannan, ya zo mu haɗa takardunmu. Guntun kan keken yana wurina, zan zo da shi wurin haɗuwarmu ranar Asabar in Allah ya kai mu, kowa ya riƙe ya ga cikinsa da idonsa.