Ciwo Mai Naci: Gyaran Tunani Ko Horon Natsuwa?

Ciwon da ya wuce wata 3 kan sauya yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon jijiyoyi, shi ya sa magani kaɗai ba ya isa a lokuta da dama.

Akwai hanyoyi biyu da ba na shan magani ba. Hanyar CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya aza harsashinta a shekarun 1960, tana bin diddigin tunanin da ke rura ciwon ne. Mutumin da ya daina sunkuyawa ko da ɗaukar buta, don tsoron kada bayansa ya lalace, ana koya masa komawa motsi sannu a hankali, yana hutawa tun kafin zafin ya taso.

Ita kuwa MBSR, wadda Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts a 1979, horon natsuwa ce na mako 8, inda ake lura da numfashi da jiki ba tare da kokawa da zafin ba.

Wani bincike na 2016 a Amurka kan mutum 342 masu ciwon baya ya nuna hanyoyin biyu duk sun fi kulawar da aka saba bayarwa amfani, kuma babu wadda ta yi wa ɗaya fintinkau. A ganina, wanda tsoron motsi ya zaunar da shi ya fi dacewa da CBT, domin tsoron take tunkara kai tsaye.