Baofeng, Yaesu, AnyTone ko Icom: wace oba-oba ce ta dace da hawan Tula?

Assalamu alaikum. Ɗan uwanmu na Kaltungo ya kawo tambaya. Shi da abokansa sukan hau duwatsun Tula, wani lokaci su gangara dam ɗin Dadin Kowa kamun kifi, kuma sabis na waya yakan ɗauke musu. Yana kan neman lasisin rediyon 'yan sha'awa, yana son sanin wacce zai saya cikin Baofeng UV-5R, Yaesu FT5DR, AnyTone 878 da Icom ID-52, don an ce masa mai dijital ta fi cin nisa.

Malam, da wannan magana ta ƙarshe zan fara, don ita ke sa mutane zubar da kuɗinsu. Duka huɗun ƙarfinsu kusan ɗaya ne, wat 5 ko kusa da haka, sai AnyTone da ke taɓa 7. Duka suna aiki a zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146, da na santimita 70, daga 430 zuwa 440. Sigina a waɗannan zanguna miƙe take tafiya, ba ta zagaya dutse. Mutum biyu a tsaye a fili shimfiɗaɗɗe, iyakarsu kamar kilomita 10 ne a lissafi, kuma bishiyoyi da tuddai sukan rage wannan sosai. Amma ɗaya ya hau tudu mai tsayin mita 100, sai ka ga ana zancen kilomita 40. Ke nan Tula kanta ce za ta ba ka nisa, ba tambarin da ke jikin rediyo ba. Ka shiga kwari kuwa, ko wacce ka riƙe shiru za ka ji.

Bambancin dijital da FM yana bakin iyaka ne. FM idan ta fara rauni sai shuuu ta shigo, muryar ta yi ta dusashewa, amma mai kunne zai tsinci "muna gindin tsamiya, ku biyo rafi". Dijital tana nan tas, babu shuuu ko kaɗan, har zuwa inda za ta fara kakkarya kalmomi, daga nan ta yanke ɗif. A daji, ni dai na fi son rabin magana da rashinta.

Sannan dijital ɗin ba abu ɗaya ba ce. Icom tana tafiya da D-STAR, wanda ƙungiyar 'yan rediyo ta Japan ta tsara. Yaesu tana da nata, C4FM, da ta fito da shi a 2013 da sunan System Fusion. AnyTone kuma DMR take yi, tsarin da hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005 don kamfanoni, daga baya 'yan sha'awa suka rungume shi. Ukun nan ba sa jin juna kai tsaye. Kamar Batangale da Batere da mutumin Waja ne suka haɗu a kasuwar Gombe: kowa da yarensa, in za a yi ciniki sai a koma Hausa. FM ce Hausar, kuma duka huɗun suna jin ta. To in kai ka sayi Icom, abokinka ya sayi AnyTone, na ukunku ya riƙe Baofeng, a kan dutse FM za ku yi, kuɗin dijital ɗin ya tashi a banza.

Baofeng UV-5R FM ce zalla. Abin da take da shi arha ne, kuɗin ID-52 ɗaya zai sayi fiye da goma. In ta faɗa ruwa a dam ba za ka yi zaman makoki ba. Batirinta da cajarta da eriyarta suna da sauƙin samu, ana kuma saita ta da manhajar CHIRP kyauta. Sai dai ba ta da kariyar ruwa ko ƙura, kuma kunnenta yana toshewa kusa da sigina mai ƙarfi. A cikin garin Gombe kusa da dogayen eriyoyin gidajen rediyo za ka lura da haka, a Tula ba sosai ba. Tana kuma yarda ta yi watsi a mitocin da ba naka ba, wanda zan dawo kansa.

FT5DR da ID-52 ajinsu ɗaya: allo mai launi, GPS, gini mai ƙwari, tsada. Duka biyu an rubuta musu IPX7, ma'ana za su jure nitso a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ga mai shiga kwalekwale a Dadin Kowa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka duba harafin X ɗin nan. Gurbin lambar ƙura ne, kuma X na nufin ba a ba da sakamakon gwajin ƙura ba. AnyTone IP54 ce, 5 lambar ƙura, 4 ta ruwa: tana tare ƙura gwargwado, tana jure yayyafi, ba ta jure nitso. Mu da muke shan hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lambar farko ta shafe mu kamar ta biyu. Ko wacce ka saya, ka riƙa rufe robar ramin makirfo, nan ƙura ta fi shiga.

Akwai abu ɗaya da dijital ke yi a daji wanda na yarda ya cancanci kuɗi. Idan ku biyu kuna riƙe da FT5DR, duk lokacin da abokinka ya danna ya yi magana, allonka zai nuna maka nisansa da gefen da yake, ba tare da intanet ba. D-STAR ma tana aika wurin da mutum yake tare da muryarsa. Ranar da wani ya ɓace muku a bayan dutse da magariba, za ka gane amfanin wannan. Sharaɗin dai shi ne wanda na faɗa, sai kun sayi iri ɗaya.

Batir kuwa AnyTone ce gaba. Nata 3100 mAh ne, na FT5DR 2200, na ID-52 1880, na Baofeng an rubuta 1800. Ban da girma, DMR tana raba tasha gida biyu, kowane ɓangare milisakan 30, don haka rediyon rabin lokaci kawai take watsi ko kana riƙe da maɓalli. Allo mai launi da GPS kuma suna shan wuta, shi ya sa na Japan ɗin biyu, FT5DR da ID-52, ke buƙatar batir na biyu a jaka. ID-52 tana karɓar caji ta USB, fawa bank ɗin wayarka zai tayar da ita. Kada a bar batir a mota a rufe cikin zafin Maris da Afrilu.

Wahalar AnyTone tana wurin saiti. Ba a ciro ta daga kwali a fara magana. Sai ka zauna gaban kwamfuta ka shirya mata tashoshi da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ka kuma nemi lambar DMR, wadda ba a bayarwa sai ka nuna lasisi. Ta 'yan Najeriya tana farawa da 621. Yaesu ta fi kowa sauƙi a nan: ka saka lambar kiranka da ke cikin lasisi, ita da kanta take gane ko FM ake yi mata ko C4FM ta amsa daidai.

Hira da mutanen Ingila ko Kenya da kake gani ana yi da waɗannan ƙananan rediyo, intanet ce ke ɗaukar muryar. Ko dai ta rifita, wato tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta, mai haɗe da intanet, ko ta ƙaramar na'urar hotsifot da ake haɗawa da 'yar kwamfutar Raspberry Pi a ajiye a ɗaki. A BrandMeister, dandalin intanet da ke haɗa masu DMR, zauren hira mai lamba 91 na duk duniya ne. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma aikin gida ne. Inda sabis ya ɗauke, hotsifot ma ta mutu, kuma kai daga nan tambayarka ta taso.

Saboda haka, in don Tula da dam ne kawai, ku sayi FM dukanku, ku zuba rarar kuɗin a eriya da batir. In Baofeng ta yi maka araha da yawa, akwai Yaesu FT-65, FM zalla mai IP54, ta fi ta kunne da ƙwari. Ku cire guntuwar eriyar da ta zo a kwali ku sa doguwa irin Nagoya NA-771, a kula da jabu don sun cika kasuwa. Eriyar doguwar waya da ake naɗewa a rataya a reshe ta fi duk wani ƙarin wat. In kuma ranka ya biya da dijital, AnyTone zan ce: ta fi na Japan sauƙin kuɗi, ta fi su batir, kuma DMR ba ta kamfani ɗaya ba ce, abokinka zai iya sayen TYT MD-UV390 mai IP67, wadda ke tare ƙura ta jure nitso, ku ji juna. FT5DR sai in ku biyu ko uku kun shirya saye tare. ID-52 rediyo ce mai kyau, amma kada ka saye ta sai ka san da wa za ka yi D-STAR.

Saura batun lasisi. Na mutum ɗaya ne, naka ba ya rufe abokanka, kowa sai ya samu lambar kiransa mai farawa da 5N. Ƙungiyar NARS ce ke wakiltar 'yan sha'awa a ƙasar nan, a tuntuɓe su kan hanyar nema. Ba a kasuwanci a waɗannan zanguna, ba a kuma ɓoye magana da sirri, ko da rediyon tana da maɓallin hakan. Ka kulle Baofeng ɗinka a zangunan nan biyu, don tana iya shiga mitocin jami'an tsaro. A halin da ake ciki, mai oba-oba a jaka zai sha tambaya a shingen bincike tsakanin Gombe da Kaltungo, don haka kwafin lasisi ya zauna a jaka ɗaya da rediyon.