Garin zogalen kasuwannin Maraɗi: wanne ya cancanci saye?

Iri uku na garin zogale ke yawo a Maraɗi: wanda ake aunawa da tiya ko gwangwani a buɗe cikin kasuwa, wanda ake ƙullewa a farar leda, da na fakiti rufaffe da ƙungiyoyin mata da ƙananan masu sana'a ke haɗawa. Ganyen duk ɗaya ne, galibi daga lambunan Jiratawa da na bakin Gulbin Maraɗi yake fitowa. Abin da ya raba su shi ne feshin da aka yi a gona, da yadda aka shanya, da inda aka ajiye.

Zogale, wanda wasu a nan ke kira tamaka, abinci ne na gaske. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen ganyen furotin ne. Yana da kalsiyam da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da beta-karotin wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ga kuma kwasetin da kamferol da asid kulorojenik, waɗanda masu bincike ke dubawa kan kumburi da sukarin jini. Ɗan yajin da ake ji a harshe daga moringin yake zuwa, sinadarin da ke samuwa idan an tauna ganyen ko an daka shi ya haɗu da ruwa. Amma beta-karotin ba ya jure rana, bitamin C ba ya jure zafi. Shi ya sa shanya ce ke yanke hukunci.

Na awon tiya shi ya fi araha, shi ya fi matsala kuma. Yawanci a kan tabarma ko buhu ake baza ganyensa a tsakar rana, ya bushe a wuni ɗaya, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan launin alama ce cewa karotin ɗin ya ragu. Da hunturu ƙura na sauka a kai, da damina danshi na shiga ya dunƙule ya yi warin fumfuna. Ka ɗebi rabin ƙaramin cokali ka dama a kofin gilas na ruwa, ka bar shi minti 5: in yashi ya kwanta a ƙasa ko ka ga fararen zare-zare, an daka ne da tsinkuna da ƙasa. In aka riga aka niƙa, ido ba ya iya gane ko an gauraya da wani ganye kamar tafasa. Wanda kuɗinsa bai kai na fakiti ba, gara ya sayi busasshen ganye da ba a daka ba, mai kore shar, ya tsince ya daka a gida.

Na farar leda ya fi tsabta, amma ledar ba ta tare haske. Kwana kaɗan a rataye a bakin shago, ɓangaren da ke kallon rana ya koɗe. Juya ledar ka kwatanta gaba da baya kafin ka biya.

Na fakiti rufaffe wanda haske ba ya ratsawa shi muka fi yarda da shi, muddin an bi ƙa'ida. Ana tsinke ganyen da sassafe, a zage shi daga tsinkunan, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa minti 3 zuwa 5 a ruwan gishiri, giram 10 a lita ɗaya, a ɗauraye a tsane. Sai a baza shi siriri a kan raga cikin ɗaki mai iska, ana juyawa, kwana 3 zuwa 4. In da na'urar busarwa ce, kada zafin ya wuce digiri 50. Ya bushe idan ya ruguje tsakanin yatsu. Wajen kilo 8 na ɗanyen ganye ke ba da kilo ɗaya na gari, don haka tsadarsa ba zalunci ba ce. Fakitin kirki yana ɗauke da ranar haɗawa. In babu, a bar shi. Bayan wata 6 amfaninsa ya ragu sosai.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata kowane mai saye ya yi, kuma ba mu cika ganin amsarta a jikin fakiti ba: yaushe aka yi feshin ƙarshe? Tsutsar nan mai cinye ganye, Noorda blitealis, ita ce babbar abokiyar gabar masu zogale a Nijar, kuma wasu manoma na yaƙar ta da magungunan kasuwa irin su piya-piya, su tsinke ganyen kafin kwanakin da ya kamata a jira bayan feshi su cika. Wanki ba ya cire ragowar maganin duka, busarwa kuwa tattara shi take yi wuri ɗaya. Masu amfani da ruwan ƴaƴan dogon yaro wajen feshi sun cancanci a nemi kayansu, su ma ya kamata su rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

Inda fakitin ke ɓata mana rai shi ne rubutun jikinsa. Wasu na jera ciwon sukari, hawan jini, ulsa da sanyi, kamar cokali ɗaya zai share su. Gwajin da aka yi a kan mutane ƙanana ne, ba su kai a ce zogale ya maye gurbin magani ba. Mai shan maganin ciwon sukari irin su metformin ko gilbenkilamid zai iya ci a abinci, amma ya sanar da likitansa ya riƙa auna sukari, don haɗuwarsu na iya saukar da shi fiye da kima. Kada a ajiye maganin hawan jini saboda shi. Mai juna biyu ta ci ganye gwargwadon miya, amma ta nisanci saiwa da ɓawo, don suna iya motsa mahaifa.

Wajen ci, babba ya fara da ƙaramin cokali ɗaya a rana, giram 2 zuwa 3, bayan mako ya kai babban cokali ɗaya. Wanda ya fara da yawa zai iya yin zawo. A zuba a miya ko kunu bayan an sauke daga wuta. Sinadarin ƙarfen ganye ba ya shiga jiki da sauƙi, saboda haka a matsa lemun tsami, a kuma jinkirta shayi zuwa awa ɗaya ko biyu, don shayi na tare shi. Yaro daga wata 6 ana iya sa masa ɗan kaɗan a kunu, nan kam gara ya ɗan tafasa tare da kunun don kashe ƙwayoyin cuta. Yaron da tamowa ta kama, ƙafafu sun kumbura ko ya rame ƙwarai, asibiti za a kai shi a ba shi abincin jinya, garin zogale ba zai wadatar ba.