NaI ko HPGe: Wanne Ɗalibin Fiziks Zai Zaɓa Don Auna Gamma?

Idan kobalt-60 ya ruɓe, yakan bar cibiyar nikel-60 a mataki mai ƙarfi, sai ta sauko hawa biyu tana fitar da gamma, wato haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, na 1173 da 1332 keV (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne). Kowane ƙarfi yakan fito a matsayin layi a na'urar aunawa, kuma daga irin waɗannan layukan ake karanta tsarin cikin cibiyar atom. Ɗalibi a Gusau ko Birnin Kebbi, ko mai auna ƙasar ramukan zinariya ta Anka, na'ura biyu ke gabansa: NaI, kiristal na sodiyom ayodaid, da HPGe, kiristal na jameniyom mai tsabta ƙwarai.

NaI tana da sauƙin kuɗi, tana kama gamma da yawa, ba ta buƙatar sanyaya. Matsalarta faɗin layi: a 662 keV na sisiyom-137 yakan kai kusan kashi 7 cikin ɗari, wato wajen 45 keV, don haka layuka makusanta sai su cakuɗe. Zafin Afrilu ma yana gusar da layin, dole a riƙa sake daidaita ta. Danshi kuwa, in ya shiga, ya ɓata kiristal ɗin.

HPGe tana ba da faɗin layi kusan 2 keV kawai a 1332 keV. Amma sai an riƙe ta a sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. In ta ɗumama alhali babban lantarki na kanta, tana iya lalacewa. Wannan wahalar ce ke kai mutanenmu CERT, cibiyar binciken makamashi ta Zariya, inda ake da ita.

Don auna potasiyom-40 a 1461 keV, NaI ta wadatar. Mai son rarrabe matakan cibiya kuwa, HPGe ce tasa.