Wasiƙa daga Houston: bindiga na kanti, zanenta kuma ba ya tsallake iyaka

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali, da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau uku. Na ji abin da ya faru a ƙauyen su Kawu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Ka tambaye ni abu biyu: ko gaskiya ne a nan Amurka ana sayar da bindiga kamar yadda ake sayar da buhun shinkafa, da kuma ko zan iya aiko maka da madubin hangen dare da zanen bindigar nan da aka ce yana yawo a intanet, don maƙerin garinmu ya duba. Ban so in amsa maka a gurguje ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na farko dai gaskiya ne. Kusa da gidanmu akwai wani katafaren kantin kayan farauta da kamun kifi. Ka shiga don sayen takalmi, sai ka wuce gefen tantuna da fitilu, ka ɗan karya kwana, ga bango guda cike da dogayen bindigogi an jera su kamar yadudduka a Kantin Kwari. Ƙananan kuma suna cikin akwatin gilashi, kowace da takardar farashinta a rataye. Ƙaramar bindiga mai kyau ba ta wuce dala 500 zuwa 600 ba, wato ƙasa da kuɗin sabuwar wayar iPhone. Harsashi a kwali yake, a kan kanta. Ranar da na fara gani, sai da na waiga ko akwai ɗan sanda a tsaye. Babu. Wata dattijuwa ce kawai a gabana, tana gwada nauyin wata ƙaramar bindiga a tafin hannunta, mai kanti yana yi mata bayani cikin natsuwa.

Amma ba a miƙa kuɗi a karɓa haka nan. Mai saye zai nuna katin shaida, ya cike wata takarda ta gwamnatin tarayya mai lamba 4473, ya amsa ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi, ko yana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa samunsa da laifin dukan matarsa. Sai mai kanti ya tura sunansa ga hukumar FBI ta kwamfuta. Yawanci cikin 'yan mintoci amsa take fitowa. Doguwar bindiga sai mai shekara 18, ƙarama sai mai 21, idan daga hannun dillali mai lasisi ne. Mai katin zama na dindindin irina yana da damar saye. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, a mafi yawan lokuta ba shi da ita. A nan Texas kuma, tun ranar 1 ga Satumba 2021, mutum yana iya rataya ƙaramar bindigarsa ya fita ba tare da neman wani lasisi ba.

Ka gwada wannan da namu. A gida, dokar makamai ta 1959 ta ce lasisin bindigar farauta sai daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda, ko bindigar toka ma sai da izinin Kwamishina. Manomi mai gaskiya ya gaji da zirga-zirga ya haƙura, ɗan bindiga kuwa bai taɓa cike takarda ba. Na tuna a watan Yunin 2022 da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, yadda aka yi ta muhawara a kai. Abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a wurinmu, su a nan yana rubuce cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, a gyara na biyu, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙi ne na kowane mutum a ƙashin kansa, ya ajiye bindiga a gidansa.

To, a nan zancen ya juya, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take.

Ka san a masana'antar sassaƙa ƙarfe nake aiki. Yawancin aikinmu na kamfanonin mai ne, amma akwai wani ɗaki a ƙarshen ginin da ake wa masu kwangilar soja aiki. Shekarata ta farko, kafin katin zamana ya fito, ba a bari in taka ƙofar ɗakin nan. Wata rana na ɗauko wata takardar zane da aka manta a kan teburi don in mayar wa mai ita, sai shugaban sashenmu ya taso da sauri ya karɓe ta, ya kife fuskarta a ƙirjinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka wariyar launin fata ce. Da yamma ya kira ni ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Akwai wata doka da suke kira ITAR, wadda Ma'aikatar Harkokin Waje ke kula da ita. A ƙarƙashinta, ba makami kaɗai ake hana fitarwa ba, har da iliminsa: zane, awo, bayanin yadda ake haɗawa. Kuma a idon wannan doka, idan ka nuna wa baƙo irin wannan zane, ko da a tsakiyar Houston kuke tsaye, daidai yake da ka ɗauke shi ka kai ƙasarsa. Wato da na karanta takardar nan, a lissafinsu an fitar da ita zuwa Najeriya ke nan. Hukuncin yana iya kaiwa tarar dala miliyan 1 da ɗaurin shekara 20. Ranar da katina ya fito, a ranar ya ba ni lambar buɗe ƙofar.

Zanen da ka ji labari kuwa, daga nan jiharmu ya fito, daga birnin Austin. Wani matashi ɗalibin shari'a, Cody Wilson, shi da ƙungiyarsa Defense Distributed, suka ƙera ƙaramar bindigar roba da na'urar nan mai fitar da abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta. Suka sa mata suna Liberator. A watan Mayun 2013 suka ɗora zanen a intanet, cikin kwana biyu aka sauke shi kusan sau 100,000. Sai Ma'aikatar Harkokin Waje ta aiko musu da takarda cewa su cire shi, don abin da ke intanet kowa a duniya yana iya ɗauka, saboda haka fitarwa ce ba tare da izini ba. Suka cire, amma a 2015 suka kai gwamnati kotu. Hujjarsu ita ce ta ba ni mamaki: ba su tsaya kan haƙƙin bindiga kaɗai ba, cewa suka yi zane magana ce, kuma gyara na farko na kundin tsarin mulkinsu ya hana gwamnati toshe bakin mutum kafin ya yi magana. Ba su suka fara wannan hujja ba. A shekarun 1990 an yi irinta kan manhajar ɓoye saƙonni, wadda ita ma a lokacin ana lissafa ta cikin makamai, har kotu ta yarda cewa rubutun manhaja magana ne.

A 2018 gwamnatin Trump ta yi sulhu da su, ta amince su sake ɗorawa. Jihohi da dama suka ruga kotu, wani alƙalin tarayya a Seattle, Robert Lasnik, ya dakatar da su ranar 31 ga Yuli, ana gobe za su saki. A 2020 kuma aka ɗauke yawancin bindigogin farar hula daga hannun Ma'aikatar Harkokin Waje aka mayar wa Ma'aikatar Kasuwanci, amma aka bar sharaɗin cewa ɗora irin wannan zane a intanet sai da lasisi.

Ni dai, Yaya, a wannan magana ina bayan masu takurawa. Na san 'yancin magana abu ne babba, kuma ina ganin amfaninsa kullum: a nan mutum ya zagi shugaban ƙasa a talabijin da rana, ya kwana a gidansa. Amma zanen da za a zuba wa na'ura ta haifo makami ya wuce ra'ayi. Wanda ya ɗora shi daga Austin yana tunanin gwamnatinsa ne da haƙƙinsa, bai san dajin Rugu ba, bai san cewa wanda zai fara amfana da shi a wurinmu ba manomi ba ne. Masu kuɗin fansa su ke da halin sayen na'ura.

Don haka ba zan aiko maka da zane ba, ba kuma zan aiko da madubin hangen dare ba. Shi ma madubin yana cikin kayan da ba a fitar da su sai da lasisi, duk da cewa a kanti yake, kowa ya shiga ya saya. Kamfanin da muke ba kaya zuwa Legas yana da takardar da ake sa wa hannu a kan haka. Ko ya tsallake nan, kwastam na jiransa a can, kuma sunanka ne zai kasance a jikin kwalin. Ba zan jefa ka cikin wannan ba, ba zan jefa 'ya'yana ba. Don Allah kada ka ɗauke shi a matsayin rashin damuwa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa muku a gida. Ƙasar nan tana da bindigogi a hannun farar hula fiye da yawan mutanenta, kuma a 2021 kaɗai mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. 'Yarka ƙarama, takwarar Inna, ta dawo daga makaranta wata rana tana nuna mini yadda malama ta koya musu: a kashe fitila, a kulle ƙofa, a maƙale a lungu nesa da taga, kada a yi tari. Shekararta bakwai. Ranar 24 ga Mayu 2022 a garin Uvalde, nan cikin Texas, wani yaro ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare da bindigar da ya saya bisa ƙa'ida, ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an tsaro ɗaruruwa sun taru a wurin, suka shafe fiye da awa guda ba su kutsa ajin ba. Washegari uwarta ba ta bari ta je makaranta ba, ni ma ban ce komai ba.

Abin da nake yi wa garinmu sha'awa a nan shi ne lambar 911. Wata rana maƙwabcina ya faɗi a bakin ƙofarsa, na buga, kafin in gama bayani na ji jiniya. Ba wanda ya ce in kawo kuɗin mai. Da irin wannan muke da shi, da titin da mota za ta bi, da ba ka aiko mini wannan saƙo ba. Har yau ban sayi bindiga ba, kuma ba ni da niyya.

Ga abin da na sa a kayan da za su taso ƙarshen wata: manyan fitilu masu caji da hasken rana guda shida, batiran cajin waya guda huɗu, da akwatunan ɗaurin rauni guda biyu. Ka ba 'yan sintirin unguwa fitila huɗu, biyu a bar su a gida. Kuɗin da na tura ta hannun Ƙanwa kuma na gyaran katangar baya ne da ƙofar ƙarfe, a fara da ɓangaren Inna. Idan ka ga ya fi, a dawo da su Kawu cikin gari kafin damina ta kankama, kuɗin hayar yana wuyana.

Ka gaida Inna, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Naka, ƙaninka.