BRT ko danfo?

Baƙin da suka sauka Mile 12 a Legas kullum sai sun tambaye ni wacce za su hau zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas.

BRT, wato babbar bas ta haya, ta fara aiki a 2008 ƙarƙashin LAMATA, hukumar sufuri ta Legas. Tana da hanyarta daban, cunkoso bai cika tare ta ba. Da katin Cowry ake biya, babu ciniki. Sai dai layin safiya, ƙafa ta gaji.

Danfo kuwa, wato ƙaramar bas ta haya mai ruwan ɗorawa, tsohon hannu ne, ko'ina tsayawa yake. Amma hadari na haɗuwa kwandasta zai ƙara kuɗi, canjinka ma sai ka yi da gaske. Ga matsi, dafe aljihunka.

Ma'aikaci mai sammako kullum, BRT ta fi masa. Mai buhun tattasai zuwa cikin unguwa kuwa, sai danfo.