Roba, dambel ko injin tausa: me mai wasan ɗaga hannu zai fara saya saboda kafaɗarsa?

Duk wanda ke buga ƙwallon raga ko ƙwallon hannu ko tanis ko badminton, ko mai ninƙaya, ya san wannan ɗan tsukun da ke tasowa a saman kafaɗa da dare, sai ka ji ba ka iya kwanciya ta wannan ɓangaren. Daga nan sai mutum ya hau intanet neman abin saya, aka jero masa kaya kala-kala kowanne da hoton ɗan wasa yana murmushi. To bari mu ɗan tsaya, don yawancin mutane daga abin da ya fi tsada suke farawa alhali mai arahar ne ya fi aiki.

Sai ka fara gane me wasan nan ke yi wa kafaɗa tukuna. Gaɓar kafaɗa ramin ta ba zurfi, kan ƙashin hannu zaune yake kawai a kan ɗan faranti, abin da ke riƙe shi wasu ƙananan tsokoki ne guda 4 da suka taso daga allon kafaɗa. Masu jifa a wasan besbol an auna hannunsu yana juyawa ciki da gudun da ya kai wajen digiri 7,000 a daƙiƙa ɗaya. Tsokokin gaba da na ƙirji su ke ba da wuta, kuma kullum wasan yana ƙara musu ƙarfi ko ba ka nema ba, amma na baya waɗanda su ne birki, su ke tsayar da hannun bayan ka daki ƙwallo, su ake bari a baya. Shekara da shekaru sai ka ga hannun da kake wasa da shi yana lanƙwasa baya sosai amma juyawa ciki ya ragu. Saboda haka duk abin da za ka saya ka tambayi kanka, wannan zai gyara min birki ne ko kuwa ƙara wa injin wuta kawai zai yi?

Roba mai ja ita ce ta ɗaya a wajena, ba ma kusa. Ka ɗaure ta a hannun ƙofa ko jikin sandar raga, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari da ɗan tawul a naɗe a tsakani, ka riƙa buɗe hannun waje a hankali, kafin ka kai 15 za ka ji bayan kafaɗa ya ɗau zafi, wurin da ɗaga ƙarfe bai cika taɓawa ba. Akwai mai faɗi kamar ƙyalle akwai mai kama da tiyo da mariƙi. Mai faɗin ta fi araha kuma kana iya rage tsawonta ka ƙara mata tauri, sai dai tana saurin tsagewa in farce ko zobe ya kama ta, ko in ka bar ta a rana. Mai tiyon ta fi ƙarko, in ka samu mai maɗauri a wuyan hannu ma ya fi don ba sai ka damƙe ba. Ita robar kamfanin TheraBand launi ne ke nuna tauri, rawaya ta fi ja laushi, sai kore, shuɗi, baƙi, amma kar ka ɗauka kowane kamfani haka tsarinsa yake. Ka sayi mai laushi da matsakaiciya, baƙar nan girman kai ne kawai ke sa mutane ɗaukarta. In roba mai sinadarin latex tana sa ka ƙaiƙayi akwai wadda ba ta da shi, ka duba jikin kwalin.

Ba surutu ba ne kawai fa, a Norway an gwada wani tsarin ɗumama jiki a kan 'yan ƙwallon hannu 660, sau 3 a mako, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna matsalar kafaɗa ta ragu da kashi 28 cikin ɗari, kuma kayan aikin ba su wuce roba da ƙwallo da abokin atisaye ba.

Dambel ƙarami, wato ƙarfen nan da ake ɗagawa da hannu ɗaya, shi ne na biyu, kilo 1 zuwa 2 ya isa. Bambancinsa da roba, shi nauyinsa ba ya canzawa, kilo 2 yau kilo 2 gobe, za ka san ko kana ci gaba, ita kuwa roba tana saki da tsufa ba ka sani ba. Matsalarsa ba ya shiga aljihun jaka, kuma dole ka kwanta ta gefe ko rub da ciki kafin ya kama tsokar da ake so. Ƙwallo mai nauyi kuma ta wanda ya riga ya gina ƙarfi ce, yana so ya koya wa hannu saurin tsayawa, in kafaɗa na ciwo kar ka fara da ita.

Injin tausa mai bugu, eh yana da daɗi ba ƙarya, yana sassauta jiki na ɗan lokaci, amma ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, kuma ƙwallon tanis tsohuwa da ka matse tsakanin bayanka da bango za ta yi maka mafi yawan wannan aikin. Filasta mai launi ɗin nan da wani ɗan Japan, Kenzo Kase, ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wadda ta yi tashe bayan an gan ta a kafaɗar 'yar ƙwallon ragar Amurka Kerri Walsh a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, wasu na jin sauƙi da ita amma bincike bai nuna tana yin wani abin kirki sosai ba, kuma ita kullum cikin saye kake. Rigar ɗaure kafaɗa kuwa ta wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa ce kuma likita ya ce ya sa, lafiyayye in ya sa hana kansa ɗaga hannu kawai zai yi.

Wani abu da na ga ana kuskure, sayen sanda ko igiyar miƙa jiki a yi ta ja wa hannu baya. Ai gaban kafaɗar ya riga ya saki da yawa, bayan kafaɗa ne ya ɗaure, shi kuma ba ya buƙatar ko sisi, ka jawo hannun ta gaban ƙirji ka riƙe daƙiƙa 30. In kuma ciwon yana tashinka daga barci, ko hannun ya mutu bayan jifa, ko ka ji kamar ƙashin zai fita, ajiye maganar saye-saye ka kai kuɗin wajen likitan ƙashi ya duba tukuna.